Udo, Biermann da waɗanda suka zauna: wane mawaƙi ne ya fi girgiza Jamus ta Gabas?

Aminu Hamburg:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan da masu bin tarihinta. Duk lokacin da Nuwamba ya kama, gidajen talabijin sai su dawo da hotunan faɗuwar katangar Berlin a 1989, kuma da wuya a gama shirin ba a sako Udo Lindenberg ba. Ni a ganina ya cancanta. Cikin masu waƙa da Jamusanci a wancan zamani babu wanda ya tsone wa shugabannin Jamus ta Gabas ido kamarsa. A 1983 ya fitar da waƙar Sonderzug nach Pankow, wato jirgin ƙasa na musamman zuwa unguwar Pankow ta Berlin ta Gabas, ya kira shugaban ƙasar, Erich Honecker, da sunansa, yana neman a bar shi ya je ya yi wasa a Gabas. Mutumin da talakawansa ba sa ambata sai da taka tsantsan, shi ya mai da shi abin raha a bakin matasa. Akwai wanda ya kai shi?

Malama Hadiza Kolon:
Wa'alaikumus salam. Akwai wanda ya wuce shi ma, Malam Aminu: Wolf Biermann. Udo daga Hamburg ya yi waƙarsa, fasfon Yamma na aljihunsa, ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba. Biermann kuwa a tsakiyar Berlin ta Gabas yake zaune yana caccakar su. Kuma ba jefa shi can aka yi ba. Haifaffen Hamburg ne, a 1936. Mahaifinsa ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, ɗan gurguzu kuma Bayahude, 'yan Nazi suka kashe shi a Auschwitz a 1943. Da ƙafarsa yaron ya koma Gabas a 1953 saboda ya yarda da aƙidar. A 1965 suka hana shi hawa dandamali, suka hana a buga masa ko layi ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana cikin wannan hali.

Nura Leipzig:
To Anti, in an hana shi dandamali da rediyo, ta yaya mutane suka san waƙoƙinsa?

Malama Hadiza Kolon:
A ɗakinsa yake naɗa, Nura. Faifansa na farko shi kaɗai ma adireshin gidan ya sa masa, Chausseestraße 131. Makirufon da aka shigo masa da shi a ɓoye yana ɗauke har ƙarar titi, in ka saurara za ka ji taragon cikin gari yana wucewa a bayan muryarsa da jitarsa. A Yamma aka buga faifan, sannan ya komo Gabas a kaset, ana kwafa hannu da hannu.

Ga yadda ta ƙare. Ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa IG Metall ta gayyace shi nan Kolon, hukumomi suka ba shi izinin fita, ya yi wasa ranar 13 ga Nuwamba 1976. Ranar 16 ga wata suka sanar cewa sun ƙwace masa zama ɗan ƙasa, ba shi ba komawa gida. Marubuta 12 na Gabas, ciki har da Christa Wolf da Stefan Heym da Heiner Müller, suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a sake shawara, wasu fiye da ɗari suka biyo baya. Talabijin ɗin Yamma ya sa wasan gaba ɗayansa, mutanen Gabas suka kalla a falonsu. Wanda bai taɓa jin sunansa ba, ranar ya ji. Daga nan ƙasar ta fara zubar da 'ya'yanta masu basira: Nina Hagen ta fita, Manfred Krug ya fita a 1977. Wannan ita ce girgiza.

Aminu Hamburg:
Ban raina wahalarsa ba, Malama. Amma wa ke sauraron Biermann? 'Yan boko da ɗaliban jami'a. Waƙoƙinsa dogaye ne, cike da muhawarar aƙida. Yaron da ke koyon kanikanci a Rostock Udo yake rerawa. Tun 1973 yana da waƙa a kan saurayin Yamma da ya kamu da son wata yarinya a Berlin ta Gabas, dole ya rabu da ita kafin tsakar dare saboda izinin shigarsa na yini ɗaya ne. Duk mai ɗan'uwa a ɗaya ɓangaren ya san zafin wannan ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Kuma waƙar Pankow ɗin ba wasa ba ce a can, akwai masu saka faifai a gidajen rawa da aka hukunta don sun kunna ta.

Malama Hadiza Kolon:
Su aka hukunta, shi kuma aka shimfiɗa masa darduma. Ranar 25 ga Oktoba 1983 ya shiga Palast der Republik, zauren da majalisarsu ke zama, ya yi 'yan waƙoƙi a gaban zaɓaɓɓun matasan jam'iyya masu shuɗiyar riga. Waƙar Pankow ba ta cikin waɗanda ya yi. Masoyansa na gaskiya suna waje 'yan sanda na korarsu, ana kama wasu.

Aminu Hamburg:
Ya shiga ne saboda sun yi masa alkawarin zagayen ƙasa a 1984, inda talakawa za su gan shi. Kuma a kan dandamalin ya ce a kwashe makamai masu linzami na ɓangarorin biyu, Pershing na Amurka da SS-20 na Tarayyar Sobiyet. Taron an shirya shi ne don a zagi na Amurka kaɗai. Sai suka soke zagayen. Bai samu ya yi shi ba sai a farkon 1990, bayan katanga ta faɗi.

Issoufou Berlin:
Salam 'yan'uwa. Ni abin da ban taɓa iya haɗiyewa ba a labarin Udo shi ne musayar kyauta. A 1987 ya aika wa Honecker rigarsa ta fata, shi kuma ya mayar masa da wani abin busa irin na ƙungiyoyin ma'aikata. Da Honecker ya zo Yamma a Satumban shekarar, Udo ya tare shi a Wuppertal ya miƙa masa jita. A lokacin ana harbe mutane a bakin katanga. Mutum na ƙarshe da aka harbe a can, Chris Gueffroy, a Fabrairun 1989 ne, yana ɗan shekara 20. 'Yan ƙungiyar kiɗa ta BAP daga Kolon sun fi burge ni. A Janairun 1984 suna Berlin ta Gabas, an shirya musu zagaye, aka ce su cire waƙa ɗaya daga jerin da za su yi. Suka naɗe kayansu suka koma gida.

Aminu Hamburg:
Suka koma, matasan da suka kwana a layin tikiti suka tashi a tutar babu. Wa ya ci riba?

Baba Injiniya:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ku ba ni dama, don ni na zauna a ƙasar da kuke magana a kanta. Na koyi harshen a Herder-Institut na Leipzig kamar sauran ɗalibai baƙi, sannan na yi karatun injiniya a Dresden cikin shekarun 1980.

Duk sunayen da kuka kawo, ɗaya daga waje yake waƙa, ɗaya an fitar da shi, sauran sun zo sun juya. Ba wanda ya ambaci waɗanda suka zauna. Su ne abokan karatunmu ke zuwa kallo ran Asabar: ƙungiyoyin kiɗa irin su Karat, City, Silly, Puhdys, da wata mai suna Pankow. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in gaya muku yadda harkar take. Ba ka isa ka hau dandamali ba sai da takardar izini. Kwamiti ne zai zauna ku yi kiɗa a gabansa, ya ba ku daraja, darajar ce ke yanke kuɗin da za a biya ku. Kamfanin faifai na irin wannan kiɗa guda ɗaya ne, Amiga, na gwamnati. Rediyo na gwamnati. Akwai doka cewa kashi 60 cikin ɗari na abin da za a kaɗa a wurin rawa ya zama na gida ko na ƙasashen gurguzu, 40 kaɗai na Yamma. Kowane baiti sai ya bi ta teburin masu tacewa kafin a naɗa. Ba a son ka yi da Turanci, ana ganinsa harshen abokan gaba.

Wannan takurar ce ta haifar da abin da har gobe nake saurara. Tunda ba za ka faɗa kai tsaye ba, sai ka yi habaici, kamar yadda makaɗan fadarmu ke yi wa ɗan sarkin da ba sa iya kama sunansa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A yi waƙa a kan tsuntsu, ko taga, ko teku, ko maƙwabciyar da bango ya raba ku, zauren ya ɗauki tafi a daidai wurin da ya kamata. Jami'in da aka turo yana zaune a baya, ya san abin da ake nufi, ba shi da abin kamawa a takarda. Har dabara suke da ita: marubuci ya sa baiti ɗaya mai tsananin tsokana wanda ya san za a cire, mai tacewa ya soke shi ya ji ya yi aikinsa, sauran baitocin da su ne ainihin saƙon su wuce.

City sun fitar da faifan Casablanca a 1987, cike da zancen birnin da aka raba biyu. Mawaƙinsu Toni Krahl ya taɓa shiga kurkuku a 1968 saboda ya nuna adawa da murƙushe mutanen Prague. Tamara Danz ta Silly an hana musu faifai guda sai da suka sake wasu waƙoƙin da sunansa. A ranar 18 ga Satumba 1989, tun ba wanda ya san katanga za ta faɗi, waɗannan mawaƙan suka rubuta takardar neman sauyi suna goyon bayan ƙungiyar 'yan adawa ta Neues Forum, suna karanta ta a kan dandamali kafin su fara wasa, ana soke musu wasanni ana cin su tara. Su ba su da Hamburg ɗin da za su koma.

Nura Leipzig:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wannan bayani ban taɓa samunsa a aji ba.

Malama Hadiza Kolon:
Allah ya ja kwana, Baba. Ina da ja a wuri ɗaya, a gafarce ni. Habaicin nan ai gwamnati ta amfana da shi. Matasa su je su yi tafi, zuciya ta yi sanyi, Litinin kowa ya koma aiki. Manyan ƙungiyoyin kuma an ba su abin da talaka ba ya samu, wato fasfon fita Yamma. Puhdys da Karat sun yi ta wasa a can suna shigo wa ƙasar da kuɗin waje. Waɗanda suka ƙi yin habaici kuwa mun ga yadda aka yi da su. Klaus Renft Combo, ta garin da Nura yake, sun yi waƙa a kan yaron da ke son gudu zuwa Yamma, a 1975 aka kira su aka ce daga yau babu ƙungiyar. Bayan korar Biermann aka kama biyu daga cikin mutanenta, Gerulf Pannach da Christian Kunert, suka yi watanni a hannun Stasi, 'yan sandan cikin gwamnati, a 1977 aka tura su Berlin ta Yamma.

Baba Injiniya:
Gaskiya ne, 'yata, duk an yi haka, kuma fasfon nan igiya ce a wuya, sun sani. Amma ki duba: da kowa ya yi irin na Renft, da ƙasar ta wayi gari babu mawaƙi ko ɗaya sai masu yabon jam'iyya. Mutum miliyan 16 zuwa 17 ke zaune a can. Suna aure, suna binne iyayensu, suna buƙatar waƙar da ta san halin da suke ciki. Waƙar Karat ta gadoji bakwai ta 1978, wadda Peter Maffay ya sake yi a Yamma a 1980 har wasu ke zaton tasa ce, na ga dattijai suna hawaye a kanta. Ba ta kira sunan kowa ba. Tana cewa ne wahala tana da iyaka, kuma a wancan wuri wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sani Frankfurt:
Ni dai ina mamakin yadda muke ɓata lokaci a kan kaɗe-kaɗen mutanen da ba addininmu ɗaya ba.

Mai kula da zaure:
Malam Sani, an ji ra'ayinka kuma ana girmama shi. Tarihin ƙasar da muke zaune ake tattaunawa, wanda bai da sha'awa yana iya wucewa. A ci gaba cikin mutunci.

Issoufou Berlin:
Akwai abin da Baba ya faɗa da ya tsaya mini. A Gabas tilasta musu aka yi su yi da Jamusanci. A Yamma kuwa kunyar harshen ake ji. Bayan yaƙi, matasa na ganin harshen iyayensu ya ƙazantu da jawaban Hitler da waƙoƙin maci, abin da ya rage a rediyo sai waƙoƙin soyayya masu zaƙi na tsofaffi. Duk mai son a ɗauke shi da muhimmanci Turanci yake yi. Scorpions na Hannover da Turanci suka yi suna. Boney M. da iyayenmu suka sani a kaset, a Jamus aka haɗa ta, amma ba da Jamusanci ba.

A nan zan ba Udo haƙƙinsa, Aminu. Shi da Ton Steine Scherben ta Rio Reiser, da suka fara a Kreuzberg a 1970, su suka nuna cewa harshen titi na Jamusanci yana hawa kiɗan rock. Kafin su akwai masu jita ɗaya da suka riƙa taruwa a bikin waƙa na Burg Waldeck daga 1964, irin su Franz Josef Degenhardt da Hannes Wader da Reinhard Mey. Ba don waɗannan ba da babu guguwar farkon shekarun 1980, babu Nena. Kuma waƙar ƙungiyar Nena, 99 Luftballons, da ake rawa da ita a biki, maganar yaƙi ce: balan-balan sun tsallaka iyaka, janar-janar sun zaci hari ne, duniya ta ƙone. Mai jitarsu Carlo Karges ya samo tunanin a wasan Rolling Stones a Berlin ta Yamma a 1982, da ya ga an saki balan-balan iska na kaɗa su. Waƙar ta kai mataki na 2 a jerin waƙoƙin Amurka a 1984 da Jamusancinta. Wanda ya kai na 1 a can ɗan Ostiriya ne, Falco, a 1986.

Aminu Hamburg:
To ka dawo hanya ke nan.

Issoufou Berlin:
A kan harshe, e. A kan rigar fata ina nan inda nake.

Nura Leipzig:
Baba, ina son jin bakinka a kan Gerhard Gundermann, don nan yankin har matasa na sauraronsa, musamman bayan fim ɗin da aka yi a kansa a 2018. Direban katafaren injin haƙar kwal ne a yankin Lausitz, yana zaune a Hoyerswerda. Ya sauka daga dandamali da dare ya wuce aiki da asuba, ya ƙi barin aikin ko da ya yi suna, don kada waƙa ta zama ita ke ciyar da shi ta juya masa baki. Ya yi ta sukar shugabannin ma'adinan har jam'iyya ta kore shi a 1984. Bayan haɗewar ƙasa shi ya zama muryar ma'aikatan da aka rufe wa masana'antu. Sai a 1995 ta fito cewa daga 1976 zuwa 1984 yana kai wa Stasi rahoto a kan mutanen da ke kusa da shi. Ya rasu a 1998 yana da shekara 43. A wane layi za mu sa shi?

Malama Hadiza Kolon:
Layin maciya amana. Rahoton nan a kan mutane masu rai ya rubuta shi, abokan da suka ci abinci tare. Daɗin murya ba ya wanke wannan. Kuma shi ya sa nake riƙe da Biermann: fayil ɗinsa na Stasi tuli ne, amma shi aka rubuta a ciki, ba shi ya rubuta wani ba.

Baba Injiniya:
Nura, ɗana, tambayarka ta fi ta farko nauyi. Ba zan wanke shi ba, abin da ya yi cin amana ne, kuma waɗanda ya kai ƙararsu su kaɗai ke da ikon yafewa. Abin da na sani shi ne yadda ake kama mutum. Ba da bulala suke fara zuwa ba. Su sami saurayi mai zafin aƙida, su ce ƙasa na cikin haɗari, kai mai gaskiya ne, taimaka mana mu gyara. Gundermann ya yarda da gurguzu har zuciyarsa, irin yardar da Biermann ya zo da ita a 1953. Daga baya shi ma suka sa masa ido, suka buɗe masa nasa fayil. Da maganar ta fito bai musa ba, ya tsaya a gaban masu sauraronsa ya faɗa da bakinsa. Mu ɗalibai baƙi ma mun san a ɗakunan kwananmu akwai masu kai rahoto, kuma sau da yawa mai kai rahoton shi ne wanda ya fi kowa taimakonka da darasi. Ina sauraron waƙoƙinsa a kan rami da ƙura da garin da ke mutuwa, ina jin gaskiya a ciki, kuma ban manta da ɗayan ba. Ban iya raba su ba, ban kuma yarda in jefar da ɗaya ba.

Malama Hadiza Kolon:
Ni na jefar, Baba. Ba na iya jin muryarsa ban tuna waɗanda aka hana fita ko aka hana aiki saboda takardar wani ba.

Issoufou Berlin:
Sunan Hoyerswerda da Nura ya kawo ya tuna mini abin da ya shafe mu kai tsaye. A garin ne a Satumban 1991 aka far wa gidajen ma'aikata 'yan Mozambik da Vietnam da masu neman mafaka, har aka kwashe su a motoci. Sai Rostock a 1992, sai gidajen Turkawa da aka ƙona a Mölln da Solingen. Honecker ya tafi, babu mai tacewa, ba kuma wanda zai kama ka. Nan ne nake auna mawaƙi. Ranar 9 ga Nuwamba 1992 mawaƙan Kolon, ciki har da Wolfgang Niedecken na BAP, suka tara mutum kusan 100,000 a Chlodwigplatz don adawa da wariyar launin fata. Die Ärzte suka dawo a 1993 da waƙar da ta yi kaca-kaca da 'yan Nazin zamani. Da aka kashe Alberto Adriano ɗan Mozambik a Dessau a 2000, Adé Bantu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya haɗa mawaƙa baƙaƙen fata na Jamus a Brothers Keepers.

Aminu Hamburg:
Udo ma yana cikin wannan sahu, Issoufou. Tun a tsakiyar shekarun 1980 yake waƙa a kan masu tsanar baƙi, kuma a 2000 ya kafa gangamin kiɗa na adawa da ta'addancin masu ra'ayin riƙau.

Malama Hadiza Kolon:
Wannan na yarda da shi, a nan ba ni da ja.

Nura Leipzig:
Baba, su kuma mawaƙan Gabas da suka zauna, yaya suka ƙare bayan 1990?

Baba Injiniya:
Da wuya, ɗana. Ana buɗe iyaka mutanensu suka ruga sayen faifan Yamma da suka daɗe suna kwaɗayi, zauruka suka zama wayam, rediyoyin da ke sa su aka rufe ko aka haɗe da wasu. Sai bayan 'yan shekaru, da rashin aiki ya ciji yankin, mutane suka waiwayo nasu. Tamara Danz ba ta ga da yawa daga wannan ba, sankara ta ɗauke ta a 1996 tana da shekara 43. Puhdys sun ci gaba har 2016, City sun yi bankwana a ƙarshen 2022, Karat har yanzu suna wasa. Kai da kake Leipzig, tambayi duk wani dattijo a unguwarku wace waƙa aka kaɗa ranar aurensa, sannan ka tambaye shi ko ya taɓa neman ganin fayil ɗinsa. Ka zo mana da abin da ya ce.

Nura Leipzig:
In sha Allahu, Baba. Mai gidan da nake haya tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da shi zan fara.